Burutus, Kasiyus da Antoni: wa ke da mutunci a wasan Yuliyus Kaisar?

Ranar 15 ga Maris na shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, wasu ƴan majalisar dattawan Rum suka yi wa Yuliyus Kaisar rubdugu da wuƙaƙe har lahira. Wannan kisa ne William Shakespeare ya mayar wasan kwaikwayo a 1599, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da sunan Jules César. Ya ɗauko labarin daga marubucin Girka Plutarque, ta fassarar Ingilishi da aka yi daga ta Faransanci ta Jacques Amyot. Har yau masu kallo na gardama a kan wanda ya fi mutunci tsakanin makasan da mai ramuwa.

Yawanci Burutus ake ba tuta, kuma da dalili. Ba shi da ƙullin komai da Kaisar, hasali ma amininsa ne. Tsoronsa shi ne kada mutum ɗaya ya zama sarki, ya binne jamhuriya. Sai dai a daren da yake saƙe-saƙe shi kaɗai a lambunsa, ya yarda da bakinsa cewa bai taɓa ganin son rai ya rinjayi hankalin Kaisar ba. Ya kwatanta shi da ƙwan maciji da ya kamata a fasa tun bai ƙyanƙyashe ba. Wato hukuncin kisa ne a kan laifin da ba a kai ga aikatawa ba, ga mutumin da aka miƙa wa kambin sarauta sau uku a bainar jama'a ya ƙi karɓa.

Kasiyus kuwa bai ɓoye hassadarsa ba. Abin da ke cin sa shi ne ya taɓa ceto Kaisar daga nutsewa a kogin Tiber, yau ga shi yana rusuna masa. Shi ne ya sa aka rubuta wasiƙun ƙarya da sunan talakawa, aka jefa wa Burutus ta taga don a ja shi cikin makircin. Amma kusan duk shawarar da ya bayar daidai ce. Ya ce a haɗa da Antoni a kashe, Burutus ya ƙi don kada a ce musu mahauta. Ya ce kada a bar Antoni ya yi magana a jana'iza, Burutus ya ba shi izini. Ya ce a zauna abokan gaba su zo su same su a gajiye, Burutus ya dage aka tafi Filibi, can kuma su biyun suka halaka.

Inda tsarkin Burutus ya fi yin rauni shi ne rigimarsu cikin tanti a Sardis. Ya zargi Kasiyus da cin hanci, yana alfahari cewa shi ba zai tatsi talaka ba. Bai rufe baki ba sai ga shi yana ƙorafin cewa Kasiyus ya hana shi zinariyar da zai biya sojojinsa. Yana son kuɗin, ba ya son hannunsa ya taɓa dattin da aka tara su da shi. Burutus na tarihi ma ba waliyyi ba ne: wasiƙun Cicero sun nuna yana da hannu a bashin da aka ba garin Salamis na tsibirin Kubrus da ruwa kashi 48 cikin ɗari. Shakespeare bai saka wannan a wasan ba.

Antoni fa? Baƙin cikinsa a kan gawar Kaisar na gaske ne. Amma a jana'iza ya yi ta nanata cewa makasan masu mutunci ne har kalmar ta koma zagi, ya nuna raunukan gawar, ya karanta wasiyyar da ta ba kowane ɗan Rum dirhami 75. Gari ya kama da wuta, har taron ya kashe wani mawaƙi mai suna Cinna don kawai sunansa ya zo ɗaya da na wani maƙarƙashi. Da mulki ya zo hannu, sai ga Antoni zaune da Oktabiyus da Lepidus suna zana sunayen waɗanda za a kashe, ya sallama ɗan ƴar'uwarsa, ya kuma aika a ɗauko wasiyyar nan don a ga yadda za a zaftare rabon talakawa.

Daga bakin wannan Antonin ne yabon Burutus mafi girma ya fito a ƙarshen wasan, cewa shi kaɗai ya shiga don amfanin jama'a, sauran hassada ce ta kai su. Ya faɗi haka ne bayan an ci yaƙi, a kan gawar da ba za ta ƙara yi masa takara ba. Dante, mawaƙin Italiya, ya yanke nasa hukuncin kusan shekaru 300 kafin Shakespeare: ya jefa Burutus da Kasiyus a ƙarƙashin wuta, a bakin Shaiɗan, tare da Yahuza Iskariyoti.