Dalilin da Ya Sa Kamfanonin Intanet Ke Rufe Ƙofa ta 25

Kowace kwamfuta da ke kan intanet tana da ƙofofi masu lamba, kowace da aikinta. Tun 1982, lokacin da Jon Postel ya tsara ƙa'idar aika imel, ta ƙofa ta 25 manyan na'urorin wasiƙa ke miƙa wa juna saƙo. A zamanin yarda da juna aka yi ta, shi ya sa ba ta tambayar suna, ba ta neman kalmar sirri.

Nan 'yan damfara suka samu lagonta. A ce ga shagon kwamfuta a Bacirawa, inda ake cike wa ɗalibai fom. Wani ya zo da filashi mai ƙwayar cuta, aka soka. Daga ranar, mai shago na can yana buga wa manomi takardar cinikin gona, kwamfutarsa kuwa tana ta fesa dubban wasiƙun bogi ta ƙofa ta 25. Shi dai abin da zai gani, data ba ta kwana. Ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, suna bibiyar adireshin da wannan shara ke fitowa, su sa shi cikin jerin waɗanda za a ƙaurace wa. Kamfanonin waya kuma sukan tara jama'a da yawa a kan adireshi guda, ga shi wake ɗaya ke ɓata gari. Sai wasiƙar ɗan kasuwar da bai ji ba bai gani ba ta faɗa kwandon shara.

Mu 'yan Najeriya wannan ya fi yi wa ciwo, domin tabon damfarar 419 ya riga ya bi sunanmu. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta watsa irin waɗannan saƙonni, amma doka sai an yi ɓarna take kamawa. Rufe ƙofar kuwa tun daga tushe yake tare ta. A Amurka, kamfanin intanet na Comcast ya fara toshe ta ga kwastomomin da na'urorinsu ke fesa shara tun 2004.

A ganina matakin daidai ne. Mai Gmail a waya ko a jikinsa, domin ba ta nan saƙonsa ke fita ba. Inda kamfani zai yi laifi shi ne ya rufe bai sanar da kowa ba, ya bar ƙaramin ofis cikin ruɗani.

Mai karatu, in manhajar imel ɗin ofishinka tana karɓar saƙo amma ta ƙi aikawa, ka mayar da ita ƙofa ta 587, ka sa sunanka da kalmar sirrinka, sannan ka wanke kwamfutar daga ƙwayar cuta.