Harsashin Ƙaramar Bindiga: Wanne Za Ka Saya?

Daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Kurmi akwai waɗanda suka kama noma a bayan garin Shagamu, da Ibadan, da Ogbomosho, kuma babu mai noman rogo ko masara a waɗannan wurare da bai san ɓarnar gyazbi ba, dabbar nan da Yarbawa ke kira oya. Waɗansu kan yi maganinsa da tarko, waɗansu kuwa da ƙaramar bindigar nan mai lamba .22. To, da su muke magana yau.

Da fari dai, Dokar Makamai ta 1959 ta ce bindigar farauta sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma harsashi ma ba a riƙe shi sai da izni. Baƙo a ƙasar mutane shi ya fi kowa bukatar kiyaye wannan.

Harsashin .22 ya bambanta da na manyan bindigogi. Maganin da ke tada wuta a cikin leɓen gindin kwanso aka zuba shi, ba a tsakiya ba, watau allurar bindiga gefen nan take duka, albarushi ya kama. Shi ya sa yake da araha, shi ya sa kuma kwanson da aka harba ba ya sake ɗuruwa. Dangin suna da yawa. Akwai Short, wanda ya fito a Amurka a 1857, da Long Rifle na 1887, wanda ya fi kowanne yaɗuwa a duniya, da Magnum da kamfanin Winchester ya fitar a 1959. Dukansu ana ce musu .22, amma fa ba ɗaya ba ne. Ka duba jikin bututun bindigarka, an buga sunan wanda take ci. Magnum ba zai shiga bindigar Long Rifle ba. Long Rifle kuwa zai shiga ta Magnum ya zauna sako-sako, in aka harba kwanso na iya tsagewa, wuta ta feso wa mutum a fuska.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne wajen gudu. Mai saye yakan ce a ba shi wanda ya fi ƙarfi, mai kanti kuwa ba ya ƙin ciniki. Harsashi na yau da kullum yana tafiyar ƙafa 1,070 a sakan ɗaya, ƙasa kaɗan da gudun sauti. Mai saurin yakan yi ƙafa 1,200 zuwa 1,300, ya fi ƙara, kuma sau da yawa bai kai na farkon iya saiti ba. Masu gasar harbi, waɗanda ke sayen irin na kamfanin Eley na Ingila, maras saurin suke zaɓa. Ga gyazbi ko zomo a nisan yadi 50, a ganinmu saiti ya fi gudu amfani. Abin da ya kamata mafarauci ya nema shi ne mai rami a baki, domin yana buɗewa in ya shiga nama, dabba ta faɗi nan take maimakon ta ja rauni ta shige rami ta mutu mushe. Sai dai mai bindigar da ke ɗura kanta ya sani, harsashi mai sanyi ƙwarai wani lokaci ba ya iya tura kwanso waje.

Wani abin mamaki, bindiga biyu ƙirar kamfani ɗaya sai ka ga kowacce da irin da take so. Saboda haka kada ka sayi kwali goma tashi ɗaya. Sayi ɗaya-ɗaya iri biyu ko uku, ka kafa takarda a gindin tudu, ka harba biyar-biyar daga yadi 50. Wanda raminsa suka fi haɗuwa wuri guda, shi ne naka.

Sa'an nan ga laimar Kudu. Dalmar harsashin nan kaki aka shafa mata a waje, kuma bakin kwanson bai rufe ruf kamar na soja ba. Wanda ya saba ajiya a Sakkwato ko Katsina ya zo ya bar kwali a ƙarƙashin gado damina guda a Legas, zai iya samun waɗansu sun ƙi tashi. A sa shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da mai da yara, kuma kada a zuba shi tsirara a aljihu, ƙasa na manne wa kakin ta goge cikin bututu. In ka ja kunama bai tashi ba, riƙe bakin bindiga inda yake har sakan 30 kafin ka buɗe.

Kada ƙanƙantarsa ta yaudare ka. A jikin kwalayen an rubuta yana iya yin lahani har mil ɗaya da rabi, kuma yana tsalle in ya bugi ruwa ko dutse. A Arewa mutum na hango fili mai nisa. A kurmi kuwa bayan ganyen nan da ke gabanka wataƙila gonar koko ce da mutane a ciki, ko hanyar rafi. Tsuntsun da ke kan reshe, sama a bayansa, a bar wa mai bindigar ƙwarya. Aladen daji da manyan namu kuma sun fi ƙarfin .22, raunata su kawai zai yi.