Yoga: Tashin Gamsheƙa, Motsin Jikin Da Indiyawa Suka Gada

Lafiya uwar jiki, in ji Hausawa, babu mai fushi da ke. Amma a cikin sassan jikin ɗan Adam akwai wanda ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da ya yi tawaye, watau gadon baya. Ma'aikacin biro da yake wuni bisa kujera kansa sunkuye ga takardu, da manomin da yake duƙe a gona tun sassafe, da macen da take jan guga a bakin rijiya, da direban babbar mota mai bin hanyar Yamai zuwa Damagaram, dukansu sun san wannan ciwon tsatso da yake hana mutum miƙewa sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya, kuma ta bayyana cewa shi ne kan gaba a duniya wajen raunana mutane da hana su ayyukansu.

Mutanen ƙasar Indiya suna da wata tsohuwar hanya ta horon jiki da numfashi wadda suke kira yoga. A cikin motsin da ake fara koya wa sabon shiga akwai wanda sunansa "bhujangasana" a harshen Sanskirit. "Bhujanga" shi ne maciji, "asana" kuwa yanayin zama ko na tsayuwa. Da Hausa ana iya ce masa tashin gamsheƙa, domin mai yinsa yakan ɗaga ƙirji da kai alhali sauran jikinsa yana ƙasa, kamar gamsheƙar da ta fasa kai.

Asalin yoga

Kalmar yoga ta fito ne daga wani tushe na Sanskirit mai ma'anar haɗawa ko ɗaurewa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa biyu da itace guda. Littafin da ya fi shahara a kanta shi ne na wani malami mai suna Patanjali, wanda aka tattara fiye da shekara 1500 da suka wuce. Gajerun jimloli ne da ba su kai 200 ba, kuma 3 kawai daga cikinsu ne suka shafi yanayin jiki, domin a wancan zamani abin da ake nufi da "asana" shi ne zaman da mutum zai yi ya natsu ya yi tunani. A farkon ƙarni na 11 masanin nan Albiruni, wanda ya yi bincike mai zurfi a kan Indiya, ya fassara littafin zuwa Larabci.

Motsin jiki ya samu babban matsayi ne daga baya. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya bayyana yanayi 15. Gheranda Samhita kuwa, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 17, ya kawo 32, kuma tashin gamsheƙa yana cikinsu.

Yogar da duniya ta sani a yau ta ɗauki kamanninta ne a ƙarni na 20. A shekarun 1930 wani malami, Krishnamacharya, yana koyarwa a fadar sarkin Maisur da ke kudancin Indiya. Cikin almajiransa akwai ƙanen matarsa, B.K.S. Iyengar, wanda aka haifa a 1918. Yaro ne mai yawan laulayi, ya sha zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da zazzaɓin taifot. Da horon yau da kullum ya samu ƙarfin jiki, har ya zama malamin da aka sani ko'ina. Littafinsa Light on Yoga, wanda ya fito a 1966, yana ɗauke da yanayi kimanin 200 da hotuna kimanin 600. Shi ne kuma ya yaɗa amfani da bargo da ɗamara da guntun katako don taimaka wa mai rauni ko tsoho. Ya rasu a 2014 yana da shekara 95.

A ranar 11 ga watan Disamba 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 21 ga watan Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, bisa shawarar Indiya wadda ƙasashe 177 suka mara wa baya. An yi bikin farko a 2015, inda mutum fiye da 35,000 suka taru a fili guda a birnin Niyu Delhi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa yoga cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Abin da ke cikin gadon baya

Kafin a fahimci amfanin wannan motsi sai an san ginin da yake aiki a kansa. Gadon baya jerin ƙasusuwa ne 33: 7 a wuya, 12 a daidai haƙarƙari, 5 a tsatso, sauran kuwa sun manne da juna a ƙasa. Tsakanin ƙasusuwan da suke motsi akwai faifan guringuntsi mai ruwa a ciki, wanda yake aiki kamar gammo tsakanin kai da kaya. Jini ba ya ratsa waɗannan fayafai sosai. Abincinsu yana shiga ne ta hanyar matsawa da sakewa lokacin da mutum yake motsi. Shi ya sa dogon zama wuri guda ba ya yi musu daɗi.

Kusan duk aikin yini gaba yake lanƙwasa mutum: rubutu, ɗinki, tuƙi, wanki, shara, noma. A hankali tsokar ƙirji da ta gaban cinya sukan ɗaure, ta baya kuwa takan yi rauni, kafaɗu su zubo gaba. Tashin gamsheƙa yana mai da jiki ta ɗaya wajen. Yana miƙar da gaban jiki, yana sa tsokokin da suke bin gadon baya hagu da dama su yi aiki, yana kuma buɗe ƙirji don numfashi ya sake.

Yadda ake yinsa

Ba a bukatar kayan aiki ban da tabarma ko bargo bisa daɓe mai ƙarfi. Katifa mai laushi ba ta dace ba. A sa tufafi masu sakewa, kuma a bari sai awa 2 ko 3 bayan cin abinci, tun da nauyin jiki a kan ciki zai sauka.

Da farko a kwanta rub da ciki, ƙafafu a miƙe, tazararsu daidai faɗin ƙugu, bayan ƙafa yana taɓa ƙasa, goshi bisa tabarma.

Na biyu, a ɗora tafin hannu a ƙasa daidai ƙarƙashin kafaɗu, ƴan yatsu suna kallon gaba, gwiwoyin hannu suna manne da haƙarƙari.

Na uku, a danna cinyoyi da ƙashin mara a ƙasa, a ɗan tsuke ciki. Wannan shi ne yake kare tsatso.

Na huɗu, a shaƙi iska ta hanci a hankali, ana ɗaga goshi, sannan ƙirji. Ƙarfin baya ne zai yi ɗagawar, hannu tallafi ne kawai. Cibiya ta zauna a ƙasa, gwiwoyin hannu su kasance a lanƙwashe. Ga sabon shiga, tashin da bai wuce taƙi guda ba ya isa.

Na biyar, a mai da kafaɗu baya, a sauke su nesa da kunnuwa, ido yana duban ƙasa ɗan gaba da tabarma, ƙeya a miƙe. A tsaya haka tsawon numfashi 3 zuwa 5, ba tare da riƙe iska ba.

Na shida, a sauko a hankali ana fitar da iska, a juya kunci bisa tabarma a huta. Sai a maimaita sau 2 ko 3.

Akwai gwajin da malaman yoga suke bayarwa: idan an tashi, a ɗaga tafin hannu kaɗan daga ƙasa. In ƙirji ya tsaya inda yake, to baya ne yake aiki. In ya faɗi, an wuce iyaka, sai a rage. Wanda wuyan hannunsa yake ciwo yana iya dogara bisa damatsan gaba, gwiwoyin hannu a ƙasa daidai kafaɗu. Bayan an gama, yana da kyau a durƙusa, a mai da ɗuwawu bisa dugadugai, a kwantar da ƙirji bisa cinyoyi na minti guda, don baya ya saki. Duka-duka abin bai wuce minti 5 ba.

Kurakuran da aka fi yi

Babban kuskure shi ne gaggawa. Mutum yakan ga hoton gwani ya tanƙware kamar baka, sai ya miƙe hannuwa gaba ɗaya tun ranar farko, nauyin duka ya taru a ƙasusuwan tsatso. Na biyu shi ne wurga kai baya har wuya ya matse. Na uku, ɗage kafaɗu zuwa kunnuwa. Na huɗu, riƙe numfashi. Ƙa'idar ita ce: jan tsoka mai sauƙi alama ce ta aiki, amma suka ko zafi mai kaifi umurni ne na a dakata nan take. Sauri ya haifi nawa.

Waɗanda ya kamata su ƙaurace masa

Mace mai ciki kada ta yi shi. Haka nan wanda aka yi wa aiki a ciki ko a baya bai daɗe ba, da mai gwaiwa, da wanda ya samu rauni ko karaya a gadon baya, da tsohon da ƙashinsa ya yi rauni, sai da iznin likita.

Akwai kuma ciwon bayan da motsin jiki ba shi ne maganinsa ba. Idan ciwon yana sauka cikin ƙafa tare da mutuwar jiki ko rashin ƙarfi, ko mutum ya kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko ciwon ya zo da zazzaɓi da rama da zufar dare, to gidan likita za a nufa ba da ɓata lokaci ba. Tarin fuka kansa yakan kama ƙashin baya, kuma jinkiri a nan yana iya kai mutum ga shanyewar ƙafafu.

Game da amfaninsa, gaskiya ita ce matsakaici ne. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ACP ta sa yoga cikin hanyoyin da ya kamata a fara gwadawa kafin magani ga mai daɗaɗɗen ciwon baya. Binciken da aka yi ya nuna tana rage ciwo tana kuma sauƙaƙa motsi, amma kusan daidai da sauran motsin jiki da aka tsara da kyau. Ba ta maye gurbin tafiyar ƙasa ko wasanni ba, tun da OMS tana shawartar baligi da ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a kowane mako.

Maganar addini

Yoga ta taso ne a cikin addinan Indiya, kuma wasu makarantunta suna haɗa motsi da wasu kalmomi na ibada. Saboda haka malaman Musulunci sun tattauna a kanta. A 2008 majalisar fatawa ta ƙasar Maleshiya ta hana Musulmi yin ta, saboda abubuwan ibadar da take ƙunshe da su. A 2009 majalisar malaman Indonesiya ta hana wadda ta ƙunshi ibada, ta bar wadda take motsin jiki zalla. A 2017 Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki. Abin da aka bayyana a wannan shafi motsi ne da numfashi, babu wata kalma da ake furtawa.

Baya guda ne Allah ya ba kowa, da shi ake noma, da shi ake zaman biro, da shi ake goyo. Wanda ya ware masa minti 5 kowace rana, a natse ba da gasa ba, zai fi cin riba bisa wanda ya yi awa guda ranar Lahadi sannan ya manta. Sannu ba ta hana zuwa.