Mai Zanen da Ya Zana Kansa da Dungu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Wane zane ne wannan?

A shekarar 1915, wani mai zane ɗan Jamus, Ernst Ludwig Kirchner, ya zana kansa cikin kakin soja. Sigari na maƙale a bakinsa, idanunsa babu ƙwaya, hannunsa na dama kuwa dungu ne mai jini. A bayansa akwai wata siffa tsirara. Da fentin mai ya yi aikin, wato garin launi da aka kwaɓa da mai. Irin wannan fenti ba ya saurin bushewa, don haka mai zane na iya gyarawa ko ya ɗora launi a kan launi.

To, an yanke masa hannun ne?

A'a, hannunsa lafiya lau. Hasali ma bai taɓa zuwa fagen daga ba. Ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kai shi horo a garin Halle, amma hankalinsa ya tashi har aka sallame shi cikin 'yan watanni.

Kuna iya cewa ashe ƙarya ya zana. A nan ne kalmar ekspireshanizim ta shigo. Salo ne na zana abin da ke cikin zuciya, ba abin da ido ke gani ba. Mai wannan salo yana iya karkata fuska, ko ya shafa wa fata kore, da gangan, ba don bai iya ba. Ku tuna mai zane da hannu yake ci. Tsoron Kirchner shi ne yaƙi ya raba shi da sana'arsa, sai ya mayar da tsoron dungu. A ganina, da ya zana kansa yana kuka, da bai kai haka ratsa jiki ba.

Ina matsayinsa a rayuwar mai shi?

Kamar mararraba yake. Kafinsa, Kirchner da abokansa sun kafa ƙungiyar Die Brücke, ma'ana Gada, a Dresden a 1905. Ya koma Berlin a 1911, inda ya yi suna da zanen titunan birni masu cunkoso. Bayan wannan zane sai jinya, sannan ƙaura zuwa Davos ta ƙasar Suwizalan a 1917, inda duwatsu da makiyaya suka cika zanensa.

A 1937 'yan Nazi, masu mulkin Jamus a lokacin, suka kwashe ayyukansa fiye da 600 daga gidajen tarihi, suka baje wannan zane a Munich cikin waɗanda suka kira lalatattu, don jama'a su yi musu dariya. Shekara guda bayan haka Kirchner ya kashe kansa.

Nawa ne kuɗinsa?

Ba na sayarwa ba ne, yana gidan adana zane na kwalejin Oberlin da ke jihar Ohio a Amurka. Amma idan kuna son ma'auni, an yi gwanjon wani zanen Kirchner na titin Berlin a 2006 a kan dala miliyan 38.