Fashin Baƙi: Yadda manhajar tsaro ke kama da ɓarawon lambobin sirri

A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da ke kan babbar hanyar Kubwa zuwa Zuba a Abuja, ba kasafai ake ƙirga kuɗin rodi, siminti ko kwanon rufi da hannu ba a yanzu. Tun ƙarancin takardun Naira da aka yi a farkon 2023, ciniki da yawa ya koma kan waya, na'urar POS da kwamfutar shago, ta yadda dukiyar ɗan kasuwa ta rataya a kan 'yan lambobin sirrin da yake latsawa.

A ce wata safiya mai shago ya kunna kwamfutarsa, sai gargaɗi ya bayyana cewa an gano "kiloga", wato manhajar da ke naɗe duk abin da mutum ya rubuta. Da ya duba, sai ya ga wadda ake zargi ita ce manhajar tsaron da ya biya kuɗi aka saka masa. Shin hakan na iya zama kuskure? Ƙwarai kuwa, amma ba kowane lokaci ba.

Mene ne kiloga?

Kiloga iri biyu ce. Akwai ƙaramar na'ura da ake soka wa tsakanin allon madannai da kwamfuta, akwai kuma manhaja da ke shigowa a ɓoye, galibi ta saƙon imel mai ɗauke da takardar kuɗi ta bogi. Aikinsu ɗaya ne: tattara kalmomin sirri da lambobin asusu, a miƙa wa wani.

Barazanar ba baƙuwa ba ce a Najeriya. A watan Mayun 2022, hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol ta sanar da cewa EFCC ta kama mutum 3 a Legas da Benin, bisa zargin amfani da manhajar Agent Tesla, wadda ke naɗe rubutu, wajen karkatar da kuɗaɗen kamfanoni.

Daga ina kamannin ya samo asali?

A da, manhajar riga-kafi tana aiki ne kamar mai gadin da aka ba hotunan sanannun ɓarayi. Wanda ba ya cikin hotunan sai ya wuce. Da masu kutse suka koyi sauya kamannin manhajojinsu, sai aka koma lura da ɗabi'a: me wannan manhaja ke taɓawa, me ya sa take tashi da zarar an kunna kwamfuta, kuma ina take aika saƙo?

Matsalar ita ce, mai gadi da ɓarawo kan yi abubuwa iri ɗaya. Duk wanda ya san kasuwa da dare ya san cewa dukansu biyu suna zagaya rumfuna da tocila, suna taɓa kwado. Wanda ya hango su daga nesa ba zai iya bambance su ba.

Haka abin yake a cikin kwamfuta. Tsarin Windows ya tanadi wata ƙofa da manhaja za ta iya tsayawa ta saurari madannai kafin harafi ya isa inda aka nufa. Kiloga a nan take laɓewa. Amma manhajar da ke son kare rubutu, irin su KeyScrambler da ke hargitsa haruffa don kada ɓarawo ya karanta, dole ta riga shi isa wajen madannan. Hatta wasu manhajojin da ke ba mu damar rubuta ƙ, ɗ da ɓ sai sun tare abin da aka latsa kafin su sauya shi.

Akwai kuma fasahar da wasu bankunan duniya ke saye daga kamfanoni irin su BioCatch, wadda ke nazarin saurin yatsun mutum da yadda yake riƙe waya, domin ta gane ko mai asusun ne ke ciki ko wani ne daban. Idan wata manhajar tsaro ta ga irin waɗannan suna bibiyar madannai, tana iya buga ƙararrawa. To amma, kamar yadda Hausawa ke cewa, kama da wane ba ta wane.

Darussa biyu daga tarihi

A watan Maris na 2011, mujallar Network World ta Amurka ta wallafa zargin cewa kamfanin Samsung na saka kiloga mai suna StarLogger a sababbin kwamfutocinsa. Labarin ya bazu kafin a gano cewa manhajar riga-kafi ta VIPRE ce ta yi kuskure: ta ga wata folda mai suna "SL", ta ɗauka ta StarLogger ce, alhali ta fayilolin harshen ƙasar Sulobeniya ce. Kamfanin GFI, mai VIPRE, ya fito ya nemi afuwa.

A watan Mayun 2017 kuwa aka ga akasin haka. Kamfanin tsaro na Modzero da ke Suwizalan ya gano cewa manhajar sarrafa sauti ta Conexant, wadda ke zuwa da kwamfutocin HP da dama, tana adana duk abin da aka rubuta a wani fayil mai suna MicTray.log, ba tare da wata kariya ba. HP ya ce wani ɓangare ne na gwaji da bai kamata a bar shi a ciki ba, ya kuma fitar da gyara.

Na farko ya nuna cewa gargaɗi na iya zama ƙarya. Na biyu ya nuna cewa sunan babban kamfani ba ya wanke manhaja daga zargi.

Yadda ake bambance su

Tambayoyi uku ne ke raba gardama. Na farko, me manhajar ke ajiyewa? An tsara fasahar nazarin ɗabi'a ne ta auna tazarar latsawa da salon motsi, ita kuwa kiloga ainihin haruffan take so. Na biyu, ina bayanan ke zuwa? Na uku, da sanin wa aka saka ta?

Tambaya ta uku ta shafi doka. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta tare bayanan wani ba bisa ƙa'ida ba, yayin da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanadi a sanar da mutum irin bayanansa da ake tattarawa da kuma dalili. Don haka maigidan da ke son sa ido kan kwamfutar shagonsa, ya kyautu ya sanar da yaransa tun farko.

Abin yi idan gargaɗi ya bayyana

Kada a sake rubuta wata lambar sirri a kan na'urar, a kuma katse ta daga intanet. A bar manhajar riga-kafi ta killace fayil ɗin maimakon a goge shi, domin abin da aka killace ana iya dawo da shi. A duba cikakken sunansa da sa hannun kamfanin da ya yi shi, a kuma gwada shi ta wata na'urar a shafin VirusTotal, wanda ke tantance fayil da manhajojin riga-kafi masu yawa. Idan ɗaya ko biyu kaɗai suka zarge shi, akwai yiwuwar kuskure ne. Idan da yawa suka yi ittifaƙi, a ɗauki lamarin da muhimmanci.

Idan an ce manhajar ta banki ce, a tuntuɓi bankin ta lambar da ke bayan katin ATM ko a je reshe, ba ta lambar da gargaɗin ya nuna ba. A guji ɗora manhajojin riga-kafi biyu masu aiki lokaci guda, domin sukan zargi juna. A guji kuma manhajar da aka fasa aka saka a arha, don ta nan ɓarayi kan bi.

A wayar Android, a duba waɗanda aka ba izinin da aka tanada don taimaka wa masu buƙata ta musamman, domin mai wannan izini na iya karanta abin da ke kan fuskar waya. Manhajar tocila ko ta bashi ba ta da hujjar neman sa.

Matuƙar shakka ba ta gushe ba, a sauya kalmomin sirri ta wata na'ura mai tsabta kafin a ci gaba da ciniki. Sauya lambar sirri aikin 'yan mintuna ne, amma dawo da kuɗin tirelar siminti da suka fita daga asusu na iya ɗaukar watanni, in ma sun dawo.