Langa da Ƙwallon Ostareliya: Wa Zai Kai Hari, Wa Zai Tsare Gida?

Wanda ya tashi a Sifawa, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ko a Bodinga da Shagari, ba sai an yi masa bayanin langa ba. Yaro ya riƙe ƙafa ɗaya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar. Duk wanda ya saki ƙafarsa ko ya faɗi ya mutu, sai ya koma gefe. Ɓangare ɗaya su fitar da ruwa, wanda ake so ya kai wurin sha, ɗaya ɓangaren kuma su tare hanya suna neman kashe shi.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka ture-ture ne kawai, alhali akwai lissafi a ciki. Idan masu ruwa suka yi gaba duka don buɗe hanya, sun bar ruwansu a fili, mutum ɗaya zai zagayo ta baya ya kayar da shi. Idan suka yi masa zobe ba mai matsawa, ƙafa za ta gaji tun ba a je ko'ina ba. Su ma masu tarewa haka: in kowa ya bi ruwa da gudu, ya goce musu sau ɗaya, ba kowa a wurin sha.

Wannan lissafin ne ke hana masu horar da ƙwallon Ostareliya barci. Wasa ne da aka rubuta dokokinsa na farko a Melbourne a 1859. 'Yan wasa 18 ne kowane ɓangare, fili da ƙwallo duk siffar ƙwai gare su, ana bugawa da ƙafa, ana kuma miƙawa da naushi. Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili: ƙwallon da aka buga ta tsakanin na tsakiya maki 6, ta gefe maki 1. Babu dokar satar gida, don haka yayin da wasa ke gudana mai horarwa na iya jibge mutanensa duk inda ya ga dama.

A 2005 mai horarwa Paul Roos ya ɗauki kofi da ƙungiyar Sydney ta hanyar cunkushe fili da hana abokan karawa sakat. Sun doke West Coast da maki 58 da 54, kofinsu na farko cikin shekara 72. Tun kafin a kai wasan ƙarshe shugaban gasar, Andrew Demetriou, ya fito fili ya soki salon nasu da cewa ba shi da kyan kallo. Bayan shekara biyu Geelong ta Mark Thompson ta zo da kishiyar haka: miƙe-miƙen hannu cikin sauri ta tsakiyar fili, wurin da ƙwace ƙwallo ya fi haɗari. Ta lallasa Port Adelaide da 163 da 44.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan, Geelong ba ta yi watsi da gida ba. Harinta daga baya yake tashi, daga masu tsaro irin su Matthew Scarlett, waɗanda da zarar sun ƙwace ƙwallo sai su ruga gaba da ita. Ƙarfin bayan ne ya ba ta zuciyar yin kasada. Duk da haka cunkoso bai gushe daga wasan ba, har a 2019 hukumar gasar ta sa doka: duk lokacin da za a tashi wasa daga tsakiya, shida a gaba, shida a tsakiya, shida a baya.

Langa ta cancanci irin wannan tunani. Ta riga ta shiga gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa, ana yin ta kashi uku: ruwa, tureshi da kawoshi. Amma galibi ƙarfi da jimirin ƙafa ake dubawa wajen zaɓen 'yan wasa. Malamin wasanni a makarantar Sifawa ko Bodinga zai iya fara raba aiki tun kafin a kama ƙafa: waɗannan su share hanya, waɗancan su rufe bayan ruwa, a kuma ware mai ƙarfi ɗaya wanda ba zai bar wurin sha ba kome aka tsokane shi.