Maganin barin sigari: shin yana rikita bugun zuciya?

Da yawa daga cikin mashaya sigari sun fi tsoron maganin daina ta fiye da ita kanta tabar. Za ka ji mutum yana cewa ai an ce ƙwayar tana taɓa zuciya, alhali karan sigari na ci a tsakanin yatsunsa.

Tsoron yana da tushe. A 2011 wata mujallar likitoci ta ƙasar Kanada ta wallafa nazarin da ya zargi ƙwayar varenicline, wadda aka sani da sunan Champix, da ƙara haɗarin ciwon zuciya. Maganar ta tayar da ƙura, har aka bi diddiginta a wani babban gwaji mai suna EAGLES, wanda ya haɗa mutum fiye da 8,000. An raba su gida huɗu: masu shan varenicline, masu shan bupropion, masu manna filastar nikotin, da waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta. Sakamakon ɓangaren zuciya ya fito a 2018, kuma ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba tsakanin rukunonin. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya dukkan ukun, tare da cytisine, cikin magungunan da ta ba da shawarar amfani da su.

Sai dai ba a taru an zama ɗaya ba. Filasta da cingam na nikotin kan sa wasu su ji zuciyarsu tana dukan uku-uku, domin nikotin yana hanzarta bugunta. Wanda bai daɗe da kwanciya asibiti da ciwon zuciya ba, sai ya jira izinin likita. Maganin da ya fi buƙatar taka-tsantsan, a ganina, shi ne bupropion. Ƙa'idarsa wajen barin sigari ba ta wuce miligiram 300 a rana. Idan aka zarce, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ya kuma dagula saƙon lantarkin da ke daidaita bugun zuciya, abin da ake gani ƙarara a takardar gwajin ECG. Yana kuma hana hanta sarrafa wasu magungunan zuciya kamar metoprolol da flecainide, sai su taru a jini. Haɗa shi da taramol kuwa, wanda ya zama ruwan dare a unguwanninmu, ganganci ne tsantsa.

Ita fa sigarin, an daɗe da tabbatar da cewa tana ƙara haɗarin rikicewar bugun zuciya, wadda kan kai ga shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka mai niyyar bari kada ya tsaya a kemis ɗin bakin layi. Ya zuba duk magungunan da yake sha a leda ya kai wa likita, ya faɗi idan yana da hawan jini, ciwon ƙoda ko farfaɗiya. Idan kuma ya fara magani ya ji ciwon ƙirji, jiri ko suma, ya garzaya asibiti a ranar.